Dokar masu naƙasa ta 2018: abin da ta tanadar wa iyali, da yadda ake karɓarsa

Wa'adin shekara biyar da aka ba gine-ginen jama'a a Najeriya su gyara hanyoyin shigarsu domin mai keken guragu ya cika tun watan Janairun 2024. Wa'adin yana cikin sashe na 6 na Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 23 ga Janairun 2019, bayan ƙudurin ya sha zuwa teburin shugabannin baya yana dawowa ba sa hannu. Ke nan asibiti ko sakatariyar da har yau sai an ciccibi gurgu an hau da shi matakala, ba alfarma ake roƙonsu ba, haƙƙi ne suka riƙe. Sai dai yawancin abin da dokar ta tanada ba ya motsi da kansa. Sai wani ya san sashen, ya rubuta takarda, ya kai ta inda ya dace, ya kuma ajiye kwafi.

Da farko, su wa dokar ta ƙunsa? Ba guragu da makafi da kurame kaɗai ba. Ta fassara naƙasa da tawaya mai daɗewa a jiki, ko a hankali, ko a fahimta, ko a gani da ji, wadda idan ta haɗu da shingayen da jama'a suka gina take hana mutum shiga harkokin rayuwa daidai da kowa. Bisa wannan ma'ana, dattijon da shanyewar ɓarin jiki ya kwantar yana ciki. Haka matar da ciwon suga ya sa aka yanke wa ƙafa, da wanda kuturta ta cinye wa yatsu, da saurayin da ya yi shekaru yana fama da taɓin hankali. Gidaje da yawa suna jinyar irin waɗannan mutane ba tare da sun taɓa kawowa a ransu cewa dokar da su take ba.

Batun asibiti shi ne inda aka fi samun ruɗani. An yaɗa cewa duk mai naƙasa magani kyauta ne a gare shi. Ba haka sashe na 21 ya ce ba. Abu biyu ya faɗa: gwamnati za ta tabbatar kowane mai naƙasa ya samu kulawar lafiya ba tare da wariya ba, sannan mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin magani da kulawa kyauta a duk asibitocin gwamnati. Kyautar, a lafazin doka, ta mai lalurar ƙwaƙwalwa ce. Makaho ko gurgu da ya je wurin biyan kuɗi yana dogaro da wannan sashe zai sha gardama, kuma ba lallai ya yi nasara ba.

Shi ma mai lalurar ƙwaƙwalwar, haƙƙin nasa yana tafiya ne da takardar shaidar naƙasa da sashe na 22 ya yi bayani. Idan likita ya ga alamar naƙasa a wurin wanda yake dubawa, yana iya ba shi takardar wucin gadi da amincewar hukumar masu naƙasa ta ƙasa da dokar ta kafa, kuma wannan takarda ba ta wuce kwana 180. Idan lalurar ta zarce wannan lokaci, hukumar ce ke ba da takardar dindindin bisa shawarar likita. Wanda ya ba da takardar ƙarya, ko ya karɓe ta ta haramtacciyar hanya, hukuncinsa tarar naira 200,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun.

A aikace, abin da ya fi amfanar iyali shi ne rahoton likita a rubuce, mai ɗauke da sunan cutar, da ranar da aka fara ganin majinyacin, da lambar katinsa, da hatimin asibiti. A nemi wannan tun ana zuwa ganin likita a kai a kai, kada a bari sai ciwo ya tashi. Manyan asibitocin gwamnati, har da na masu taɓin hankali na tarayya kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, suna da jami'an walwalar marasa lafiya, kuma ta hannunsu ake neman a yafe ko a rage kuɗi, ba ta hannun mai karɓar kuɗi a taga ba, wanda ba shi da ikon yafe ko sisi. Inda abin ya fi lalacewa shi ne magani. Kantin magani na asibiti yawanci da kuɗin da ya sayar yake sake sayo wani, don haka "kyauta" kan koma "babu, ku saya a waje". Iyali su saya wata ɗaya, wata biyu, aljihu ya ƙare, a daina. Maganin taɓin hankali da na farfaɗiya kuwa ba a yanke su farat ɗaya. Ciwon kan dawo, wani lokaci fiye da na farko, daga nan ne ake komawa ga ɗauri da mari a ƙuryar ɗaki. Idan kuɗi ya fara gagara, a gaya wa likita a fili tun maganin bai ƙare ba. Sau da yawa akwai wani mai sauƙin farashi da zai iya rubutawa.

Kurame suna da nasu sashen, na 24, wanda ya wajabta wa asibitin gwamnati tanadar hanyar sadarwa ta musamman ga mai matsalar ji ko magana. Ba ƙaramin abu ba ne. Idan babu mai fassara maganar hannu, ɗan rakiya ne ke magana a madadin majinyaci, kuma matar da ƙaninta ko ɗanta ya rako ba za ta faɗi duk abin da ke damunta a gabansa ba.

Sai sashe na 16, wanda ya fi kowanne taɓa al'adar Arewa. Ya haramta abu uku: a ɗauki mai naƙasa ko a yi amfani da shi wajen bara, a yi yawo da shi a bainar jama'a domin neman sadaka, ko a fake da naƙasa a yi bara. Hukuncin tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata shida ko duka. A lura da inda nauyin ya faɗa. Biyun farko ba a kan mai naƙasar suke ba, a kan wanda ke juya shi ne: mai tura keken da ke karɓe kuɗin da yamma, dangin da ke ajiye tsohuwa a bakin titi da safe su ɗauke ta da magariba, masu zagaya kasuwa da majinyaci da lasifika. Na ukun ne ke iya hawa kan mai barar kansa. Sashen bai hukunta mai ba da sadaka ba, kuma bai hana zakka ko taimakon maƙwabta ba.

A nan dokar ta yi rabin aiki. Ta hana bara, amma ba ta yanka wa kowa alawus na wata-wata ba. Makahon da ya shekara arba'in yana ciyar da gida da "a taimaka saboda Allah" ba zai daina ba don an buga doka a Abuja, kuma kame ba ya cika masa tukunya. Amfanin sashen na gaskiya shi ne ya zama sanda a hannun dangi ko mai unguwa idan suka ga ana cin gumin wani marar ƙarfi. A garuruwa da yawa har yau akwai sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, kuma sun san mutanensu gida-gida fiye da kowane ofishi. Rajista ko rabon tallafin da ya tsallake su yakan ƙare a hannun waɗanda ba su ne mabuƙata ba. Akwai kuma wanda ake mantawa da shi kullum: yaron da ke yi wa makaho jagora, wanda shekarun karatunsa ke tafiya a bakin titi.

Game da gine-gine, sashe na 7 ya ɗora laifin a kan jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a wanda babu tanadin masu naƙasa a cikinsa: tarar da ba ta gaza naira miliyan ɗaya ba, ko ɗaurin shekara biyu, ko duka. Amma sashe na 8 ne talaka zai iya amfani da shi da kansa. Mai naƙasar da ya tarar da shinge a wurin da yake da haƙƙin shiga zai sanar da masu kula da wurin, su kuma wajibi ne su ɗauki mataki nan take. Idan suka ƙi, hukuma ko kamfani za su biya shi diyyar naira 10,000 a kan kowace rana da suka yi jinkiri. Idan mutum ɗaya ne, naira 5,000 a rana ko ɗaurin wata shida ko duka. Tunda da kwanaki ake lissafi, ranar da aka kai koke ita ce komai. Koke na baki ba ya barin shaida. A rubuta wasiƙa kwafi biyu, a faɗi sunan wurin da abin da ya hana shiga, a ambaci sashe na 8, a kai ofishin karɓar wasiƙu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a tafi da shi gida. A ɗauki hoton matakalar da waya.

Wata matsala kuma ita ce gyaran ganin ido. Sai a kwaɓa siminti a lafta a kan matakala a ce an yi gangara, alhali ko mai ƙafa biyu sai ya yi taka-tsantsan a kanta. Ma'aunin da injiniyoyi suka saba bi shi ne, duk tashin santimita ɗaya yana buƙatar tsawon santimita 12. Matakala uku masu santimita 15 kowace, wato tashin santimita 45, suna buƙatar gangara mai tsawon kusan mita biyar da rabi, da ƙarfen dafawa a gefe, da daɓe marar santsi. Tayil mai sheƙi a kan gangara tarko ne da damina. Ƙofa kuma ta kai faɗin kusan santimita 90, har da ta bayan gida, wadda ita aka fi mantawa.

Sauran tanade-tanaden gajeru ne. A layi, ko na banki ko na asibiti ko na rabon kaya, mai naƙasa ake fara saurara, in da hali ma a wajen layin. Saɓa wannan tarar naira 50,000 ne ko ɗaurin wata shida ko duka, a sashe na 26. Direban motar haya sai ya tsaya cik kafin mai naƙasa ya hau ko ya sauka, sauran fasinjoji kuma su jira shi ya fara shiga. Karatu kyauta ne ga mai naƙasa har ƙarshen sakandare, kuma ana son makarantun gwamnati su karɓe shi tare da sauran yara, ba sai makaranta ta musamman irin ta Tudun Maliki a Kano ba. A wajen aiki, sashe na 29 ya ce ma'aikatun gwamnati su sa aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama masu naƙasa, amma ya haɗa da kalmar "gwargwadon iko", wadda ita ce ƙofar da ake sulalewa ta cikinta. Sashe na 28 ya fi shi haƙori: wanda aka tauye wa haƙƙin aiki saboda naƙasa yana da diyyar da ba ta gaza naira 250,000 ba, idan kamfani ne kuwa naira 500,000.

Waɗannan kuɗaɗe sun sha ruwa. A 2019, lokacin da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 30,000, tarar naira 100,000 da sashe na 1 ya ɗora wa mutumin da ya nuna wariya ta haura albashin wata uku. Daga 2024 da albashin ya koma naira 70,000, ba ta kai na wata ɗaya da rabi ba. Tarar naira miliyan ɗaya da sashen ya yanka wa kamfanin da ya nuna wariya kuwa ba za ta hana babban banki barci ba. Abin da ya rage da ƙarfi a sashen shi ne damar da ya ba wanda aka zalunta ya shigar da ƙarar neman diyya da kansa, ko an hukunta mai laifin ko an sallame shi.

Akwai kuma tambayar da lauyan ɗaya ɓangaren zai fara jefowa: dokar tarayya ce, ina ruwanta da ginin jiha? Tambayar tana da tushe. Tun 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane da amincewa da zanen gini hurumin jihohi ne. Makarantun firamare da ƙananan asibitoci ma a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke. Shi ya sa dokar ta fi tsayawa da ƙafafunta a Abuja da cibiyoyin tarayya: jami'o'in tarayya, asibitocin koyarwa na tarayya, filayen jirgin sama. Jihohi da dama sun yi nasu dokokin, Filato ma tun 2005, kafin ta tarayya. Kafin a rubuta koke a kan ofishin jiha, a nemi kwafin dokar jihar a ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a ko ta shari'a, a ambaci dokokin biyu a cikin wasiƙar.

Idan wasiƙar farko ta shiga shiru, mataki na gaba shi ne hukumar masu naƙasa ta ƙasa da dokar ta kafa, wadda ta fara aiki a 2020 kuma hedikwatarta na Abuja. Karɓar koke da taimaka wa mutum ya nemi haƙƙinsa a kotu suna cikin ayyukan da aka rubuta mata. Wanda Abuja ta yi wa nisa yana da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a babban birnin jiharsa, inda ba a biyan kuɗin shigar da koke, da kuma hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. Reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, JONAPWD, yakan san wane jami'i ne ke amsa wasiƙa. Duk inda za a je, a tafi da kwafin wasiƙar farko mai hatimi, da rahoton likita, da hotunan wurin, kuma a miƙa kwafi kawai, na asali su zauna a gida.