Burbushin Halittu da Ƙaurar Kumba a Tekuna

Idan masana ilimin duwatsu suka ce burbushin halittu, suna nufin ragowar wani abu mai rai da ya mutu tun zamani mai nisa, laka ko yashi suka binne shi har ya daskare cikin dutse, ko kuma ya narke ya bar shatinsa. Tsoka ruɓewa take yi, saboda haka abin da kan saura shi ne ƙashi ko haƙori ko ɓawo. Shi ya sa kumba, halittar ruwan nan mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa, ta fi yawancin dabbobi barin tarihi, domin a cikin taɓo take zama, inda binnewa ba ta da wuya.

Mafi daɗewa cikin danginta da aka gano, wato Fordilla da Pojetaia, sun rayu fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, kuma tsawonsu bai wuce 'yan milimitoci ba. Zuriyar ta ƙara bunƙasa bayan gagarumar halakar da ta auka wa halittun teku kimanin shekara miliyan 252 baya.

Batun ƙaura ne ke buƙatar bayani, tunda babbar kumba da ƙyar take gusawa daga inda ta haƙa rami. Masu tafiyar su ne 'ya'yanta, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, suna shawagi cikin ruwa kwanaki ko makonni, igiyar teku tana kai su inda ta nufa kafin su sauka ƙasa. Ƙaura a nan yaɗuwa ce zuriya bayan zuriya.

Mashigin Bering da ke tsakanin Alaska da Siberiya ya buɗe kimanin shekara miliyan 5.5 da suka wuce, kuma abin da ya nuna wa masana hakan shi ne bayyanar wata kumbar tekun da ke arewa da mashigin, mai suna Astarte, a duwatsun Alaska da ke gefen Tekun Fasifik. Wajen shekara miliyan 3.5 baya sai akalar ta juya, ire-iren Fasifik kamar Macoma suka ratsa zuwa Atlantika, burbushinsu ya bayyana a duwatsun Tjörnes na arewacin Iceland. Sai dai masana kan yi taka-tsantsan da irin waɗannan alƙaluma, domin burbushi mafi daɗewa da aka haƙo yana tabbatar da cewa halittar ta riga ta iso ne kawai, zuwanta na farko kan iya riga shi da dubban shekaru.