Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne: jan kunne ga masu ɗaura fanka

Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama a Gombe, sai a fara kawo mana su asibiti. Wannan tafin hannunsa ya ƙone, wancan ya karye a wuyan hannu, wani ya fasa ƙeya. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: an ɗauke wuta, ya ce bari ya yi sauri ya haɗa fankar sama kafin a kawo. Aka kawo yana riƙe da waya.

Haba jama'a! Wa ya yi muku alkawarin lokacin da za ta dawo? Wuta ba ta sallama. Wadda ke shigowa gidajenmu volt 230 ce, tana iya tsayar da zuciya, kuma ko ba ta kashe ba, za ta wurgo mutum daga kan duro ko turmin da ya taka. A gidan haya ma abin ya fi muni, domin wani na iya tayar da janareta ko ya kunna inbata bai san kana sama ba.

Ka je wajen mita ka kashe babban makunnin gidan. In mai fis ne, zare fis ɗin ka sa a aljihunka. Ka gaya wa mutanen gida da baki, har yara.

Kada ka ce ai ka kashe makunnin bango. A gidaje da yawa an yi wayarin ɗin a baibai, makunni yana kan wayar da ba ta wuta ba. Fanka za ta tsaya, amma wayar da ke silin tana nan da ranta. Tasta kuma, wato sukudireban gwajin wuta mai ɗan ƙwai a ciki, idan babu wuta a unguwa, ba za ta kama a kowace waya ba, sai ta yaudare ka. Shi ya sa aikin ya fi aminci lokacin da akwai wuta: ka taɓa da tasta ka ga ta kama, ka kashe daga mita, ka sake taɓawa ka ga ta mutu. Sannan ka sa hannu.

Haɗin ba wuya. Wayar wuta ja ce a tsohon wayarin, ruwan ƙasa a sabo. Ita za ta shiga makunni, ta bi ta regileta, ta hau fanka. Baƙa ko shuɗiya ta tafi fanka kai tsaye. Koriya, ko koriya mai ratsin ɗorawa, a ɗaure ta a jikin ƙarfen fanka, kar a yanke ta a yar. Waya mai kaurin 1.5 mm² ta isa. A ɗaure mahaɗa da kwanekta mai noti, ba a murɗe ta a naɗe da leda ba, domin sako-sakon haɗi zafi yake yi har ya kama silin.

Wajen ratayewa: ƙugiyar ƙarfe a cikin kankare ko a katakon rufi mai ƙwari, ban da allon silin, ban da ƙusa. Noti a ɗaure, a zura ɗan fil ɗin da ke hana shi kwancewa. Fukafukai su yi aƙalla mita 2.3 daga ƙasa. Tsani mai kyau, wani ya riƙe maka, hannu a bushe, takalmin roba a ƙafa. In ba ka gane wayoyin ba, ɗan'uwa, kira mai wayarin. Shi ma in ya ce tunda babu wuta zai hau haka, kar ka yarda.

Idan wuta ta kama mutum, kada ka cafke shi, kai ma za ta haɗa da kai. Kashe daga mita, ko ka ture shi da busasshen katako. Bayan an raba shi da wutar, a zuba ruwa mai tsabta a ƙunar na minti 20, ban da manja, ban da man goge baki. A kawo shi asibiti ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa lau, a duba bugun zuciyarsa.