Wace babbar manhaja ta dace da uwar garken shafinka?

A 'yan shekarun nan, masu makarantu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru suna yawan zuwa wurina da buƙata iri ɗaya: suna son shafin intanet wanda za su riƙa zuba labarai da sanarwa a ciki da hannunsu. Manhajar da za su yi aikin da ita galibi sun riga sun ji sunanta, WordPress ko Joomla ko Drupal. Inda suke cijewa shi ne lokacin da kamfanin da ke ba da hayar uwar garke ya jero musu sunaye, ya ce su zaɓi babbar manhajar da za a girka. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a wannan gaɓar.

Tambaya: Mece ce babbar manhajar uwar garke, kuma me ya haɗa ta da WordPress?

Amsa: Uwar garke kwamfuta ce da ke kunne dare da rana, duk wanda ya nemi shafinka ta miƙa masa. Babbar manhaja kuwa ita ce ke riƙe da ragamar wannan kwamfuta, kamar yadda Android ke riƙe da wayar hannu. WordPress, wadda ta fito a 2003, ba ta iya tsayawa da ƙafarta. Tana buƙatar harshen PHP, da rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, da manhajar da ke tarbar masu ziyara, wato Apache ko Nginx. Duk waɗannan daga taskar babbar manhaja ake ɗauko su, kuma ta hannunta gyaran tsaronsu ke zuwa. Saboda haka wanda ya zaɓi babbar manhaja, ya zaɓi wanda zai riƙa toshe masa ɓaraka ne har tsawon shekaru.

Tambaya: Mun saba da Windows, me zai hana mu ci gaba da ita?

Amsa: Kuɗi da sauƙin samun taimako. Windows Server tana da kuɗin lasisi da ake ɗorawa a kan kuɗin haya, kuma ta fi cin ƙwaƙwalwar na'ura. Tunda yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957, ƙarin yuro goma a wata ya kai kusan sefa 6,560, kuma ga ƙungiyar da ke rayuwa da karo-karon mambobi wannan ba abin rainawa ba ne. Sannan WordPress da Joomla da Drupal a kan Linux, wata babbar manhaja ta kyauta, aka fi sarrafa su, yawancin bayanan warware matsala ma don ita aka rubuta su. Windows tana wajaba ne idan manhajar shafin irin DNN ce, wadda aka gina a kan kayan Microsoft.

Tambaya: To Linux ɗin ma kala-kala ce. Ubuntu ko Debian?

Amsa: Nan ne ya kamata a zauna a yi nazari. Debian ita ce uwa: Ian Murdock ya kafa ta a 1993, masu aikin sa kai ne ke tafiyar da ita, kuma an san ta da rashin gaggawa. Ubuntu daga jikinta ta fito a 2004, ƙarƙashin kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Umarnin girka kaya da sabunta su iri ɗaya ne a duka biyun, don haka wanda ya ƙware a ɗaya ba zai ɓace a ɗayar ba.

Abin da za a duba shi ne tsawon lokacin kulawa. Ubuntu tana fitar da bugu mai dogon zango, wanda ake kira LTS, a watan Afrilu bayan kowace shekara biyu, kuma ana kula da shi kyauta shekara biyar. Bugun 24.04, alal misali, zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Sauran bugun da ke fitowa tsakani wata tara kacal ake kula da su, kuma ina roƙon kowa kada ya ɗora shafin jama'a a kansu, komai sabuntarsu. Debian 12 ta fito a Yunin 2023, Debian 13 kuma a Agustan 2025, kowace tana samun kulawar kimanin shekara biyar.

Akwai kuma batun PHP. Debian 12 tana zuwa da PHP 8.2, Ubuntu 24.04 da 8.3. Kafin ka zaɓa, buɗe shafin manhajar da za ka yi aiki da ita, WordPress ko Joomla ko Drupal, ka karanta bugun PHP da take nema, domin Drupal 11 ba ta karɓar ƙasa da 8.3, ke nan Debian 12 yadda ta zo ba za ta wadatar da ita ba.

Ra'ayina shi ne mai farawa ya ɗauki Ubuntu LTS, saboda darussanta sun yawaita da Faransanci da Ingilishi, kuma idan ya maƙale da tsakar dare zai fi saurin samun wanda ya taɓa shiga irin matsalarsa. Wanda uwar garkensa ƙarama ce ƙwarai, ko yake son abin da ba ya sauye-sauye, Debian za ta yi masa daidai.

Tambaya: Wani ya ce mana CentOS ce ta ƙwararru. Haka ne?

Amsa: Da can haka ne, yanzu kuwa an wuce wurin. A Disambar 2020 kamfanin Red Hat ya sanar da sauya alƙiblar CentOS, wadda ita ma wani nau'in Linux ce da ke ƙarƙashinsa. An daina kula da bugu na 8 a ƙarshen 2021, na 7 kuma a ranar 30 ga Yunin 2024. Duk shafin da ke kan CentOS 7 a yau ba ya samun gyaran tsaro daga tushe, ya kamata a kwashe shi. Magadanta su ne AlmaLinux da Rocky Linux, waɗanda suka fito a 2021, kuma kowane babban bugunsu yana samun kulawar shekara goma. Su ne suka fi dacewa da mai son amfani da cPanel, manhajar sarrafa uwar garke ta hanyar danna maɓallai, wadda ba ta aiki a kan Debian, sai dai a sani cPanel ɗin ma ta kuɗi ce.

Tambaya: Ba za mu iya ajiye uwar garken a ofishinmu ba?

Amsa: Don koyo, ƙwarai kuwa, don shafin da jama'a za su dogara da shi, ban ba da shawara ba. Wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar ruwan Lagdo, kuma kowa ya san yadda take yi idan ruwa ya ja baya. Zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena. Na taɓa buɗe wata kwamfuta da aka ajiye ƙarƙashin tebur tana riƙe da shafin wata makaranta, na tarar ƙurar hunturu ta daskare a jikin fankarta kamar auduga, rumbun bayanan kuma ya lalace sakamakon ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu. Babu babbar manhajar da za ta yi maganin wannan. Hayar ƙaramar uwar garke a cibiyar da ke da wuta da sanyi ta fi kwanciyar hankali.

Tambaya: Me ya sa haruffanmu masu lanƙwasa suke komawa alamar tambaya?

Amsa: Wannan yana ci mini rai, domin mutum zai rubuta "ƙasa" ya ga "?asa" a shafi, sai ya haƙura ya koma rubuta "kasa", ma'ana ta sauya. Laifin yawanci daga rumbun bayanai ne da aka kafa da tsohon tsarin haruffa na latin1, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, balle ŋ ta Fulatanci. A lokacin girkawa a tabbatar tsarin haruffan uwar garken UTF-8 ne, na rumbun kuma utf8mb4, waɗanda suka san haruffanmu. Ubuntu da Debian da AlmaLinux duk suna iya wannan, abin da ake buƙata kawai a duba tun kafin a fara zuba rubutu.

Tambaya: Bayan an girka, me ya rage?

Amsa: Abin da ya rage ya fi zaɓen nauyi, kuma dole a san sunan wanda aka ɗora wa alhakinsa. A kunna sabuntawar tsaro mai tafiya da kanta, wadda a Ubuntu da Debian ake samu ta manhajar unattended-upgrades. A hana shiga ta SSH, wato hanyar sarrafa uwar garke daga nesa, da kalmar sirri, a koma amfani da makulli, wato fayil na sirri da ke kwamfutar mai kula da ita. A samo takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, mai kare bayanan da ke wucewa tsakanin shafin da masu ziyara, wadda kyauta ce, a kuma tabbatar tana sabunta kanta kafin wa'adinta ya cika. Sannan a riƙa kwafe rumbun bayanai da hotuna zuwa wani wuri dabam, ba cikin cibiyar da uwar garken take ba. A Maris ɗin 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu da kwafinsu ke wuri ɗaya da asalin sun rasa duka biyun. A rubuta ranar da kulawar bugun da aka girka za ta ƙare a littafin ƙungiya, a fara shirin ƙaura wata shida kafin ta zo.