Mai ɗaukar aiki zai iya hana ka shiga ƙungiyar ƙwadago?

Daga Yelwa har Fadaman Mada, malaman makarantun kuɗi da masu zuba mai a Bauchi da yawa sun ɗauka ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan gwamnati ce kaɗai. Doka ba ta ce haka ba. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya ko shiga cikinta don kare muradunsa. Dokar ƙwadago kuma, a sashe na 9, ta hana wanda ya ɗauke ka aiki gindaya maka sharaɗin kada ka shiga ƙungiya, ta kuma hana shi korarka don ka shiga. Ko da ka sa hannu a takarda mai irin wannan sharaɗi, ya ci karo da doka. Waɗanda aka keɓe su ne irin su sojoji, 'yan sanda da jami'an kwastan.

Wannan 'yanci ba a ruwan sanyi aka same shi ba. Sai a 1938 Turawan mulkin mallaka suka yi dokar yi wa ƙungiyoyi rajista. A 1945 Michael Imoudu, jagoran ma'aikatan jirgin ƙasa, ya ja gaba a yajin aikin gama-gari na sama da wata guda kan tsadar rayuwa. A 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Enugu. NLC, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta yau, ta kafu a 1978.

Inda mutane ke tafka kuskure shi ne yajin aiki. Shiga ƙungiya haƙƙinka ne, amma ajiye aiki yana da ƙa'ida. Tun gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005, sai an bi matakan sasanci, 'yan ƙungiya sun kaɗa ƙuri'a mafi rinjaye sun amince. Ko an cika duka, dokar rikicin ma'aikata ta ce ba aiki, ba albashi. Shi ya sa bayan kusan kowane dogon yaji ake dawowa kan rigimar albashin da aka riƙe.

Wanda aka kora saboda ƙungiya, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraronsa, kuma tana zama a Bauchi. Sai dai a ganina babban giɓin yana wani wuri: mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, alhali ƙananan makarantu da shagunan garin nan da dama ba su kai wannan adadi ba.