Rahoton matsala ya shekara ba amsa: a rufe shi ko a bar shi?

Wane irin rahoto ake magana a kai?

Manhajoji irin su Firefox da VLC da LibreOffice a buɗe suke, kowa na iya duba yadda aka rubuta su, ya kuma sa hannu a gyara. Wanda ya ga wani abu ya ƙi aiki sai ya je shafin da ake karɓar ƙorafi, irin su GitHub ko Bugzilla, ya rubuta abin da ya faru. Da yawa daga masu karanta waɗannan rahotanni 'yan sa-kai ne, sai sun tashi daga aikin neman abinci suke leƙawa. Rahoto na shigowa fiye da yadda hannu ke iya gyarawa, wasu sai su kwanta shekara da shekaru ba wanda ya tanka.

To me ake yi da su?

Wata hanya da ta yaɗu ita ce a bar wa na'ura aikin. GitHub na da wani kayan aiki mai suna actions/stale. In ba a canza masa saiti ba, rahoton da ya yi kwana 60 ba motsi sai ya manna masa alamar tsufa, in aka ƙara kwana 7 ba wanda ya ce uffan sai ya rufe shi. Kubernetes, wata babbar manhaja da ita ma a buɗe take, ta fi sassauci: kwana 90 kafin alamar farko, 30 kafin ta biyu, sannan wasu 30 kafin rufewa. Fedora kuma, wani tsarin gudanar da kwamfuta na Linux, tana rufe rahotannin da ke kan sigar da aka daina tallafa wa, bayan ta yi gargaɗi.

Ai in an yi shiru haka, wataƙila matsalar ta wuce?

A nan ne nake da ja. An ce shiru ma magana ce, amma shirun rahoton matsala ba ya nufin an warke. Sau da yawa mai rahoton ya faɗi duk abin da ya kamata, ya kawo hoto, ya lissafa matakai, ya zauna yana jira cikin ladabi. Ladabin nasa ne na'urar ke ɗauka a matsayin mutuwar magana.

A 2002 aka kai wa Mozilla, masu Firefox, rahoton wata tangarɗa: ɗan akwatin bayanin da ke fitowa in ka ɗora linzami kan maɓalli yakan maƙale a fuskar kwamfuta ko da ka koma wata manhajar. Rahoton ya zauna a buɗe har 2023, lokacin da wani ɗalibin jami'ar Stanford, wanda bai taɓa sa hannu a Firefox ba, ya gyara ta da 'yan layuka kaɗan. Shekara ashirin da ɗaya, kuma matsalar tana nan daram tsawon wannan lokaci. Da an rufe shi a kwana 67, da bayanan da mutane suka yi ta tarawa a wuri ɗaya sun warwatse cikin sababbin rahotanni masu maimaita juna.

Kenan masu rufewa ba su kyauta ba?

Ban ce haka ba, kuma ina tausaya musu ƙwarai. Mutum ɗaya ko biyu, ba albashi, su buɗe shafi su tarar da rahoto dubu yana jiransu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wasu rahotannin ma ba abin da za a iya yi da su: "ba ya aiki" kawai, ba siga, ba bayani, an tambayi mai shi ya ɓace.

Ina mafita?

A duba wa ake jira. In mai kula da manhaja ya nemi ƙarin bayani, mai rahoto bai dawo ba, rufewa daidai ne. Haka Launchpad, shafin da Ubuntu, wani tsarin Linux, ke karɓar rahotanni, take yi: wanda aka yi wa alamar bayani bai cika ba ne ke faɗuwa bayan kwana 60 na shiru. Amma in an tabbatar matsalar gaskiya ce, masu gyara ake jira, to agogo bai da hurumi a kansa. Kubernetes ma tana da alamar daskarewa da ke hana na'ura taɓa irin wannan. In kuma ba za a taɓa gyarawa ba, gara mutum ya fito ya faɗa da bakinsa, ya kawo dalili a layi biyu. Wannan ya fi sauƙin haɗiya da saƙon na'ura.

Ni da rahotona ya tsufa, me zan yi?

Kada ka rubuta "har yanzu shiru?" ka tafi, wannan ƙarin nauyi ne kawai. Sauke sabuwar siga ka sake gwadawa. In matsalar ta tafi, ka faɗa, ka rufe da hannunka. In tana nan, rubuta lambar sigar, da irin na'urarka, da matakan da wani zai bi ya gan ta da idonsa. In ka ci karo da wani rahoton mai magana ɗaya da naka, haɗa su, ka nuna wanda ya fi cikakken bayani.