Ganuwar Golconda

Golconda wata tsohuwar kagara ce da ke kan dutse a yammacin birnin Hyderabad, jihar Telangana ta ƙasar Indiya, tazarar kamar kilomita 11 daga tsakiyar gari. Dutsen da aka gina ta a kai tsayinsa ya kai mita 120, ganuwar waje kuma da ta zagaye wurin ta doshi kilomita 10, da ƙofofi 8 da soraye 87 na masu gadi, wasu har yau igwa na nan a kansu. Yawancin ginin ciki ya zama kango yanzu, amma kango ne irin wanda in ka tsaya a ciki ba sai an gaya maka an yi mulki a nan ba.

Asalinta ginin laka ne na sarakunan Kakatiya masu mulki daga Warangal. A ƙarni na 14 ta koma hannun daular Bahmani ta musulmi, su ne suka turo wani mutumin Hamadan ta ƙasar Farisa, Sultan Ƙuli, ya zama gwamnan yankin. Da daular ta fara tangal-tangal sai shi ma ya ja nasa a 1518, ya kafa gidan sarautar Ƙutub Shahi ya mai da Golconda fadarsa. Shi da magadansa ne suka sāke ginin da dutse, aiki na shekaru sama da 60. Gari ya cika ya batse, ruwa ya fara wuya, shi ya sa a 1591 Muhammad Ƙuli Ƙutub Shah ya sauka bakin kogin Musi ya kafa Hyderabad, wato dai babban birnin nan na yau ɗan Golconda ne.

Kuɗin duk wannan gini daga ina? Daiman. Ba a cikin kagarar ake haƙo shi ba kamar yadda wasu ke zato, ma'adinan suna can wajen kogin Krishna, musamman Kollur, amma a Golconda ake kasuwarsa, nan fatake daga Farisa da Turai suke sauka, har da wani Bafaranshe mai suna Tavernier da ya zo a ƙarni na 17 ya rubuta abin da ya gani. Shahararrun duwatsu irin su Koh-i-Noor da Hope da Daria-i-Noor daga ma'adinan wannan daula ake danganta su.

Dukiyar nan kuwa ita ta jawo mata ido. Aurangzeb, sarkin Mughal, tun yana yarima ya taɓa kawo hari a 1656, sannan ya dawo da kansa a 1687 bayan ya gama da daular Bijapur mai maƙwabtaka da ita, ya yi wa kagarar ƙawanya wata 8. Sarkin Golconda na lokacin Abul Hasan ne, wanda ake wa laƙabi da Tana Shah. An yi ruwan igwa, an haƙa ramuka ƙarƙashin ganuwa an cusa albarushi, mutanen ciki suka gano suka jiƙa wani suka kwashe wani, da aka kunna sai wutar ta koma kan sojojin Mughal ɗin. Damina ta sauka, sansani ya zama taɓo, yunwa da annoba suka shiga rundunar. Duk da haka bango bai faɗi ba. Abin da ya ci Golconda shi ne wani hafsa na cikin gida, Abdullah Khan Panni, da aka saye shi ya buɗe ƙofa da dare a watan Satumba. Ni wannan wurin ne yake min ciwo a tarihin nan, mutane sun jure wata 8 sannan mutum ɗaya ya sayar da su. A gefe guda kuma ga wani hafsan Golconda, Abdur Razzaƙ Lari, wanda ya ƙi karɓar tayin Aurangzeb ya yi ta faɗa har aka same shi kwance jina-jina da raunuka, kuma ya rayu. An kai Abul Hasan kurkuku a Daulatabad, can ya rasu, daular ta ƙare, kagarar kuma ta shiga lalacewa a hankali.

Mai zuwa yau yawanci ta Fateh Darwaza zai shigo, ƙofar katako ce jibgegiya da aka kakkafa mata tsinin ƙarfe don kada giwayen yaƙi su ture ta da kai. Cikin ganuwar wajen unguwa ce sosai da mutane ke zaune, shaguna da babura da komai, sai ka isa ƙofar Bala Hisar, wato ƙofar kagarar ciki, sannan ake yankan tikiti, kuma na baƙi ya fi na 'yan ƙasa tsada nesa ba kusa ba. Hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya ce ke riƙe da wurin. A ƙarƙashin ƙubbar ƙofar nan za ka tarar kowa na tafi, ba wasa suke ba, an ƙera rufin ne yadda in aka tafa a wani gurbi ana jin ƙarar a can ƙololuwar dutse, nisan kusan kilomita 1, da haka masu gadi ke sanar da na sama.

Daga nan sai hawa, matakala sama da 300, wasu sun lashe sun yi santsi. A hanya akwai rumbunan ajiya da tafkunan ruwa, in ka duba bango da kyau za ka ga ragowar bututun yumɓu da ake tura ruwa da su har sama, ruwan da ake jawowa daga tafkin Durgam Cheruvu mai nisan kilomitoci. Akwai ɗakin da aka tsare Ramdas, mai karɓar haraji da aka zarga da kashe kuɗin baitulmali wajen gina wurin bauta a Bhadrachalam. Gaba kaɗan masallacin Ibrahim Ƙutub Shah da ƙananan hasumiyoyinsa, kusa da shi kuma ɗakin bautar Hindu inda ake buɗe bikin Bonalu duk shekara wajen watan Yuli. Can sama Baradari ne, zauren fada mai hawa 3, iska na kaɗawa ta ko'ina, kana hango Hyderabad da ƙubbobin makabartar sarakunan da ke kusa, waɗanda gidauniyar Aga Khan ta ɗauki gyaransu tun 2013.

Abin takaici shi ne yadda mutane suka kankare bango suna rubuta sunayensu da na 'yan matansu a kan farar ƙasa mai shekara 400, ga gine-gine na ta matso ganuwar. Ɓangaren Naya Ƙila ma, wanda aka ƙara bayan harin 1656, yanzu filin wasan golf ya shiga cikinsa. A can ne akwai wata tsohuwar kuka, eh kuka dai irin tamu ta Afirka, mai shekaru sama da 400 da kogon da mutane da yawa za su shige, mutanen wurin suna kiranta bishiyar giwa saboda kaurinta.

Lokacin da ya fi daɗin zuwa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 kuma dutsen ba inuwa, don haka a fito da sassafe, a riƙe ruwa, a sa takalmi mai kama ƙasa, dattawa da masu ciwon gwiwa su tsaya ƙasa wajen Rani Mahal, wato fadar sarauniya, nan ma akwai abin kallo. Da yamma bayan an rufe hawa ana yin wasan fitilu da ba da tarihin wurin a cikin kangon fadar, tikitinsa daban ake saya.