Pho, Romon Taliyar Biyetnam: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Tun da na fara koyar da dafa pho, wato romon ƙashin shanu da mutanen Biyetnam ke zubawa a kan taliyar shinkafa, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawowa, wasu ma daga bakin waɗanda na riga na amsa wa. Na tattara su wuri guda, kuma ina roƙon duk mai niyyar tambaya ta fara karanta wannan tukuna.

Zan iya gamawa cikin awa ɗaya?

A'a. Ƙashin shanu yana buƙatar awa 6 zuwa 8 a kan wuta kaɗan kafin ya saki abin da ke cikinsa. Wadda ba ta da wannan lokaci ta yi na kaza, wanda awa biyu ta ishe shi, kuma shi ma pho ne na gaske da ake sayarwa a Hanoi, babban birnin Biyetnam.

Me ya sa romona ya fito da duhu kamar ruwan wanki?

Domin kin tsallake matakin farko, ko kuma kin bar tukunyar tana tafasa da ƙarfi, kuma mafi yawanku kun haɗa laifin biyu. Ana fara zuba ƙashin a ruwa ne a tafasa shi kamar minti 10, sai a zubar da ruwan nan gaba ɗaya, a wanke ƙashin ɗaya bayan ɗaya, a wanke tukunyar ita ma, sannan a sa sabon ruwa. Na san zubar da ruwan nama yana yi wa mata da yawa ciwo a rai, amma abin da ke cikinsa jini ne da datti, daɗin yana nan cikin ƙashi bai fito ba tukuna. Bayan haka a rage wuta har sai ruwan yana motsi kawai, ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya-ɗaya daga ƙasa, a riƙa kwashe abin da ya taso da ludayi, kuma kada a rufe tukunyar ruf. Wadda tsadar gas ta dama ta yi amfani da gawayi, domin garwashin da ya lafa ya fi dacewa da wannan girki.

Waɗanne kaya ake sawa, kuma nawa?

Ga kilo 2 na ƙashi, a haɗa mai ɓargo da na gwiwa da jelar sa idan an samu, a sa ruwa kamar lita 5. Albasa biyu manya da ɗanyar citta mai tsawon tafin hannu, a tsaga su a gasa a kan wuta har bayansu ya yi baƙi, ƙamshinsu ya cika ɗakin girki, sannan a kankare ƙunar a ɗauraye. Anis mai siffar tauraro guda 5, sandar kirfa ɗaya, kanumfari 4 ko 5, a soya su a busasshen kasko na minti biyu, a ɗaure a ƙyalle mai tsabta, a jefa cikin romon a awa ta ƙarshe kawai. Wadda ta bar su tun safe za ta sami romo mai ɗaci da warin magani. Kori da tumatir da manja ba su da gurbi a nan.

Zan iya amfani da Indomie ko taliyar leda?

A'a. Waɗannan na alkama ne, ta pho kuwa ta shinkafa ce, mai faɗi da santsi. Ana samun busasshiya a manyan kantunan da ke sayar da kayan abincin Asiya.

Ban sami ruwan kifin Biyetnam ba, me zan sa a madadinsa?

Wannan ce tambayar da ta cancanci dogon bayani, kuma amsarta ta dogara da abin da kike da shi da abin da harshenki ya saba da shi. Ruwan kifin nan, wanda suke kira nuoc mam, ana yin sa ne da ƙananan kifayen teku da gishiri, a jera su a manyan ganguna su yi kusan shekara suna tsimuwa, sai a tace ruwan. Tsibirin Phu Quoc da garin Phan Thiet sun yi suna wajen yin sa. Ga masu tambaya game da halacci, asalinsa kifi ne da gishiri, amma a karanta jikin kwalbar domin wasu kamfanoni suna ƙara abubuwa. Aikinsa a romo biyu ne, yana ba da gishiri, kuma yana ba da wani zurfin ɗanɗano da gishiri kaɗai ba ya bayarwa, cokali 4 zuwa 5 kuma ya ishi tukunyar da na ambata.

Idan babu shi, abin da ya fi kusa a ganina shi ne busasshen jatan lande, ɗan kaɗan, a ɗauraye shi a ɗaure a ƙyalle ba tare da an daka ba, a sa shi na rabin awa a cire. Wannan dabara tana da tushe, domin tsofaffin masu sayar da pho a Hanoi sukan jefa wata busasshiyar tsutsar teku mai suna sa sung a romonsu saboda wannan ɗanɗanon. Sai dai jatan landen da ake sayarwa a kasuwanninmu yawanci ya sha hayaƙi, kuma idan aka yi ganganci romon zai koma miyar kifi, saboda haka a fara da rabin cokali a ɗanɗana. Daddawa kuwa ina ba da shawarar a bar ta, ko da yake ita ma tsimammiya ce, domin tana gurɓata ruwan kuma warinta yana danne anis da kirfa. Ruwan waken soya yana iya taimakawa idan ɗigo kaɗan ne, amma yana baƙanta romo. Farin magi, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, ba laifi ba ne, masu shagunan Hanoi da yawa suna sawa, amma dunƙule mai kori a ciki zai ɓata aikin. Idan duk babu waɗannan, ki sa gishiri da cokali ɗaya na sukari, ki ƙara wa ƙashin lokaci a wuta, kuma ki kwantar da hankalinki, romon da aka yi wa haƙuri yana da daɗi ko da wannan ruwan bai shiga ba.

Wanne ne na asali, mai ganye da yawa ko maras ganye?

Duka biyun na Biyetnam ne, ku daina gardama. An fara sayar da pho a arewacin ƙasar, a yankin Nam Dinh da Hanoi, a farkon ƙarni na 20 lokacin mulkin Faransa, sa'ad da yankan shanu ya ƙaru, masu talla suna yawo da shi a sanda a kafaɗa, tukunya a gefe ɗaya, kwanuka a ɗaya gefen. Na arewa romo ne garai da lawashi, ba wani tarkace. Da aka raba ƙasar biyu a 1954, mutane kusan miliyan ɗaya suka ƙaura zuwa kudu, a Saigon kuma, babban birnin kudu a lokacin, aka ƙara masa zaƙi da tsiron wake da ganyaye masu ƙamshi. Wannan na kudu ne 'yan gudun hijira suka kai Amurka da Faransa da Ostareliya bayan 1975, shi ya sa shi kuka fi gani a intanet.

A tsofaffin hotunan Hanoi ana ganin mata da wani abu naɗe a ka kamar gammo, gashinsu ne?

Gashinsu ne, amma a cikin ƙyalle. Matan arewa sukan bar gashi ya yi tsawo, su naɗe shi cikin dogon ƙyalle har ya zama kamar igiya mai kauri, su zagaya kai da shi, wasu kuma su bar bakinsa yana lilo a gefe. Matan kudu sun fi ɗaure shi dunƙule a ƙeya. A shekarun 1930, lokacin da mai zane Nguyen Cat Tuong ya sabunta ɗinkin doguwar rigarsu ta ao dai, 'yan matan birni suka fara ajiye ƙyallen suna naɗa gashin tsurarsa, zuwa shekarun 1960 kuma matan Saigon sun koma ga yanke shi da murɗe shi da tayar da shi sama irin na Turawa. Yau ba a cika ganin tsohon naɗin ba sai a bukukuwa da wasannin gargajiya. Wannan shi ne iyakar abin da zan ce a kan gashi, a koma ga tukunya.

Da gaske ɗanyen nama ake sawa?

A can haka ake yi, ana yanka shi siriri kamar takarda, tafasasshen romo ya dafa shi a cikin kwano. Amma naman da ya yini a teburin mahauci cikin zafin rana kada ki kuskura ki yi masa haka, musamman idan akwai yara ko mai ciki a gidan. Ki sa shi a matsami ki tsoma cikin romon yana tafasa har jan ya ɓace, ko ki dafa naman ƙirji tare da ƙashin na awa biyu, ki cire ya huce, sannan ki yayyanka.

Zan iya zuba taliyar cikin tukunyar romo?

Kada ki yi. Sitacinta zai ɓata romon da kika yini kina tsarewa. A jiƙa ta, a dafa ta daban, a tsane, a zuba a kwano, nama a sama, sannan romo mai zafi ƙwarai, da lawashi da lemun tsami da barkono a gefe.

Kwana nawa romon zai yi?

Kwana uku a firji, idan wutar lantarki ta tsaya. Inda ba ta tsayawa, a dafa daidai abin da za a shanye a ranar, a tafasa ragowar sosai kafin a sake ba wa kowa.